Kunne Ma Jari Ne: Abin Da Hayaniya, Allura Da Tsinke Ke Yi Wa Mutanen New Bell

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, to amma duk wanda ya yi wuni guda a kasuwar Kongo da ke New Bell, a birnin Duwala, zai tabbatar da cewa wannan dattijo ba ya samun girmamawar da ta dace da shekarunsa. Tun kafin a gama buɗe shaguna masu baburan haya, waɗanda a nan ake kira bensikin, sun fara danna hon, mai sayar da wayoyi ya kafa lasifikarsa a bakin shago, mai maganin gargajiya ya ɗora tasa a kan amalanke, da zarar an ɗauke wuta kuma janareta goma su tashi a layi ɗaya. A bayan layin ga injin markaɗe, ga mai walda yana yankan ƙarfe. Idan dare ya yi a koma unguwa, inda mashaya da gidan biki da wurin ibada kowa ke ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa ƙara. A cikin wannan hali ake ciniki, ake lissafi, ake karɓar saƙon kaya ta waya daga Marwa ko Mubi ko Kye-Ossi.

Kwanakin baya na zauna a shagon wani dattijo mai sayar da yadi, wanda ya haura shekara talatin a kasuwar. Ya ba ni labarin yadda suka ɓata da wani abokin hulɗarsa na kan iyaka, mutumin da suka daɗe suna amana. A waya abokin ya ce masa saba'in, shi kuwa ya ji arba'in, sai da kaya suka isa aka gano, aka yi ta rantse-rantse har manya suka shiga tsakani. Shi dai Alhaji ya ɗora laifin a kan rashin kyawun layi. Yaransa kuwa, bayan ya tafi masallaci, sun shaida mini cewa an daɗe sai an ɗaga murya yake ji, kuma rediyonsa na hana maƙwabta barci, amma babu mai iya faɗa masa. Babu maƙaryaci a cikin mutanen nan biyu. Harafin farko na kalmar ne kawai bai isa inda ya kamata ya isa ba, kuma mai karatu zai ga dalili nan gaba.

Irin Alhaji ba su da iyaka. A watan Oktoba na shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani rahoto a birnin Nairobi na ƙasar Kenya, inda ta ce mutum miliyan 40 ne ke fama da matsalar ji a yankin Afirka, kuma idan ba a tashi tsaye ba adadin zai kai miliyan 54 a shekarar 2030, ya kai miliyan 97 a shekarar 2050. Rahoton ya ƙiyasta asarar da nahiyar ke yi a kan dala biliyan 27 a kowace shekara. Ya kuma nuna cewa fiye da rabin ƙasashen yankin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ɗaya ne tak ke duba mutum miliyan guda, alhali a Turai ana samun kusan hamsin, sannan daga cikin masu buƙatar na'urar ƙara ji, kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke samun ta. Rahoto ne da bai yi wani amo ba a kasuwanninmu, ga shi kuwa mu ya fi shafa, domin ma'aikacin ofis in kunnensa ya yi rauni yana da takarda, ɗan kasuwa kuwa duk harkarsa a kan baki da kunne take: taya, sallama, alkawari, bashi, shaida.

Kafin a yi maganar abin da ke lalata kunne, ya kyautu mu san yadda aka gina shi. Ɗaki uku ne a jere. Na farko shi ne wanda muke gani, wato fatar kunne da ramin da ya shiga ciki, wanda tsawonsa bai wuce santimita biyu da rabi ba. A ƙarshen ramin akwai dodon kunne, wata 'yar fata ce siririya da aka ɗame kamar fatar kalangu, faɗinta kusan santimita ɗaya. Sauti ba komai ba ne illa girgizar iska, idan ta shiga ramin sai ta kaɗa wannan fata. A bayan fatar ne ɗaki na biyu yake, cike da iska, da wasu 'yan ƙasusuwa uku da ke haɗe da juna, waɗanda masana suka yi wa suna da abin da suka yi kama da shi: guduma, maƙera da likkafa. Likkafar nan ita ce mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin ɗan Adam, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Aikinsu shi ne su karɓi kaɗawar dodon kunne, su ƙara mata ƙarfi kusan ninki ashirin, su miƙa ta ciki. Akwai kuma wata kafa da ta haɗa wannan ɗaki da bayan hanci, ita ke daidaita iskar ciki da ta waje. Duk direban da ya taɓa gangarowa daga tsaunin Ngaundare zuwa Garwa, ko alhajin da jirginsu ya fara sauka a Jidda, ya san yadda kunne ke toshewa sai an haɗiye yawu ya buɗe. To, aikin wannan kafa ne.

Ɗaki na uku shi ne mai tsada. A cikin ƙashin kai akwai wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa, a jikinsa kuma an jera wasu ƙwayoyin halitta masu gashi a ka, kimanin dubu 15 a kowane kunne. Idan likkafa ta motsa ruwan sai gashin ya kwanta ya tashi, wannan motsi ya koma saƙo, jijiyar ji ta kai shi ƙwaƙwalwa, a can ne ake fassara shi a ce wannan kiran sallah ne, wannan kuma muryar mai bin bashi ce. A gefen katantanwar akwai wasu bututu uku da ke kula da daidaiton tsayuwa, shi ya sa wani ciwon kunnen kan zo da jiri. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, waɗannan ƙwayoyi masu gashi da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ta tafi ke nan, ba ta tsirowa. Har yau babu allura, babu ɗigo, babu sassaƙe da ke dawo da ita. Waɗanda ke bakin katantanwar su ne masu ɗaukar siririn sauti, kuma su ke fara mutuwa idan hayaniya ko tsufa ya taɓa kunne. Siririn sauti kuwa shi ne irin su "s" da "sh" da "f" da "ts". Saboda haka mutum yana jin murya sarai, amma kalmomi su riƙa cakuɗe masa, musamman a waya ko cikin taro. Ta nan saba'in ɗin Alhaji ta koma arba'in.

Ke nan rashin ji iri biyu ne. Akwai na toshewar hanya, wato matsala a ɗaki na farko ko na biyu, wanda galibi ana iya gyara shi, wani lokaci cikin 'yan mintoci. Akwai kuma na mutuwar ƙwayoyin ciki ko jijiya, wanda ba ya gyaruwa sai dai a tallafa masa da na'ura. Abin takaici, mu duk hankalinmu yana kan na farkon, kuma a wajen neman gyara shi ne muke jawo wa kanmu ɓarna, na biyun kuwa, wanda ba a fansar sa da kuɗi, mun bar shi ba mai tsaro.

Ɗauki dauɗar kunne. A wurinmu ƙazanta ce da dole a tono, shi ya sa za ka ga mutum a bakin shago ya lumshe ido yana juya tsinken ashana, ko gashin kaza, ko makullin mota, ko tsinken nan mai auduga a ka da yara ke talla. Alhali dauɗar nan kunne ne ke yin ta da kansa don ta kama ƙura, ta hana ƙwayoyin cuta zama, kuma fatar ramin tana turo ta waje a hankali ba tare da taimakon kowa ba. Tsinke tura ta yake yi ciki ya danƙare ta a jikin dodon kunne, ya kuma kuje fatar. A Duwala kujewar nan ta fi haɗari fiye da Kano ko Maraɗi, domin gari ne da ruwan samansa ke haura milimita 3,500 a shekara, iska kullum a jiƙe, kunne ba ya bushewa. Irin wannan yanayi shi ne abin da funfuna ke so. Baƙin da suka zo daga Arewa sukan yi kukan ƙaiƙayin kunne a damina, su sosa, ya ƙaru, su ƙara sosawa, daga nan sai kumburi da ruwa. Wanda dauɗa ta toshe wa kunne da gaske, ma'aikacin lafiya zai tausasa ta ya wanke ta, a tashi ana ji tangaram.

Na fi jin tausayin yara. A gidajenmu na New Bell, inda ɗaki ɗaya kan ɗauki mutum shida ko bakwai, ga hayaƙin gawayi, ga mura ba ta yankewa, ciwon kunne ya zama kamar wani sashe na ƙuruciya. Kafar nan da ta haɗa kunne da hanci gajera ce a wurin yaro, kuma a kwance take, don haka mura na saurin hawa ta cikinta. Mugunya ta taru a bayan dodon kunne, yaro ya kwana yana kuka da zazzaɓi, can sai fatar ta fashe, ruwa ya fito, zafi ya lafa, uwa ta ce alhamdu lillahi ya sauka. Sau da yawa ƙofar kan rufe da kanta cikin 'yan makonni. Amma idan ruwa ya wuce mako biyu yana zuba, ciwon ya zauna, kuma yana iya shekaru yana cin 'yan ƙasusuwan nan uku. A nan ne ake ɗura man ja, ko ruwan albasa, ko nonon uwa, ko a fasa kafso a zazzaga garinsa, a toshe da auduga. Duk abin da aka zuba a kunnen da dodonsa ya huje, kai tsaye ɗaki na biyu yake shiga. Tsakanin wannan ɗaki da ƙwaƙwalwa kuwa ɗan siririn ƙashi ne. Kumburi a bayan kunne, ko karkacewar baki, ko ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ga yaro mai ruwan kunne, alama ce ta cewa ciwon ya ƙetare, kuma ba a kwana da shi a gida. Maganin tun da wuri ba wani abu ne mai wuya ba: a riƙa tsane ruwan da tsumma mai tsabta ko takarda mai laushi da aka murɗe, a hana ruwan wanka shiga, a sa ɗigon da likita ya rubuta har kwanakin su cika.

Sai kuma mari. Tafin hannu idan ya rufe kunne da ƙarfi, iskar da ya matse tana iya fasa dodon kunne nan take. Malamai, na allo da na boko, da iyayen gida masu yaran shago, ya kamata su san haka. Sau nawa aka mari yaro don an kira shi bai amsa ba, aka ce taurin kai ne da kunnen ƙashi, alhali ciwon kunne ne ya hana shi ji tun farko?

Mu koma kan hayaniya, wadda ita ce babbar ɓarauniya domin ba ta zuwa da zafi. Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum kusan 60 ce, titi mai cunkoso kan kai 80 zuwa 85, babur a kusa kan kai 95, jiniya ta haura 110. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka fi bi ita ce, kunne na iya jure 85 na tsawon awa takwas a rana, amma duk ƙarin 3 da aka yi sai lokacin ya ragu da rabi. Wato 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, idan aka kai 100 kuwa minti goma sha biyar kacal. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane irin wannan lissafi, bashi ne mai ninka kansa. Yanzu a dubi yaron da ke tsaye a kan injin markaɗe daga safe zuwa la'asar, ko tela da janareta ke ruri a bayan kujerarsa, ko ɗan bensikin da ke wuni a mahaɗar Ndokoti, ko direban tirela da ke kwanaki tsakanin tashar jiragen ruwan Duwala da Njamena gilashi a sauke. Ba sai an sayi na'urar awo ba. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ɗaya ya ji ka, to wurin ya kai matakin da ke cutarwa. Idan kuma ka koma gida kunnenka na yin ƙara kamar kukan gyare, ko ka ji kamar an toshe shi da auduga, wannan kukan ƙwayoyin nan ne masu gashi. Da farko sukan farfaɗo kafin safiya. Wata rana ba za su farfaɗo ba, kuma ƙarar za ta zauna dare da rana.

Samarinmu kuma sun ƙara wa kansu wani. Don su tsere wa hayaniyar kasuwa sai su cusa abin sauraro a kunne su ƙure ƙarar waya, wadda kan iya kai 100 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya na cikin haɗarin rasa ji ta wannan hanya da ta wuraren kiɗa. Ko karatun Alƙur'ani ne ko wa'azi mutum ke saurare, kunne ƙarfin sauti ya sani, bai san abin da ake faɗa ba.

Shin babu doka ne? Akwai. Dokar kare muhalli ta Kamaru, mai lamba 96/12 ta ranar 5 ga Agusta 1996, ta haramta fitar da ƙarar da za ta cutar da lafiyar mutum ko ta takura wa maƙwabta. A ranar 23 ga Agusta 2011 kuma Firayim Minista na lokacin, Philemon Yang, ya sa hannu a kan wata doka ta musamman a kan hayaniya da wari. A Nijeriya ma hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin hayaniya tun 2009. Duk suna nan a takarda. Abin da muke gani shi ne, lokaci-lokaci a rufe wata mashaya idan ƙorafi ya yi yawa, bayan kwana biyu a buɗe. Wannan unguwa dama tun asalinta haka aka ɗauke ta. Jamusawa ne suka tsara New Bell gab da 1914, lokacin da suka tashi mutanen Duwala daga bakin ruwa don su keɓe wa Turawa wuri, rikicin da ya kai ga rataye sarki Rudolf Duala Manga Bell a watan Agusta na wannan shekara. Daga baya ta zama masaukin baƙi, Hausawa da Bamileke da Bassa da 'yan Nijeriya da sauransu, aka cunkusa gida da kasuwa da maƙera da gareji a wuri ɗaya. Wanda ke jiran hukuma ta zo ta raba masa shago da injin niƙa zai daɗe yana jira.

A ganina, abin da zai yi aiki yana hannun ƙungiyoyin kasuwa da shugabannin unguwa. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin mai gadi da na shara, kuma take iya cin tarar wanda ya tare hanya da kaya, ba za ta gaza cewa a fitar da janaretoci daga cikin layi a tara su a gefe guda a kewaye su da bulo ba, ko ta hana a juya lasifika tana fuskantar shagon maƙwabci. Mai injin markaɗe da mai walda su saya wa yaransu 'yan robobin toshe kunne, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma suna rage ƙara sosai idan an sa su daidai. Auduga ba ta yin wannan aiki. Mu ma a masallatai da wuraren walima akwai abin dubawa, ko da maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Yaran da ake zaunarwa a sahun gaba, a gindin manyan lasifikoki, tun daga isha'i har tsakar dare a lokacin maulidi ko wa'azi, su ke kwasar mafi yawan ƙarar. Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2021 hukumomin Saudiyya sun ba da umarnin kada ƙarar lasifikokin waje na masallatai ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsu. Ba na cewa lallai mu kwaikwayi wannan, amma ya nuna cewa rage ƙara ba rage addini ba ne.

Ɓarauniya ta biyu a cikin kwalba take. Akwai magungunan da ke kashe ƙwayoyin katantanwa, kuma fitattu a cikinsu su ne allurar jentamaisin da 'yan'uwanta irin su sitireftomaisin, kanamaisin da amikasin. Magunguna ne masu ceton rai idan likita ya auna nauyin mara lafiya, ya duba ƙodarsa, ya ƙayyade kwanaki. Amma a wurinmu jentamaisin ta zama ruwan dare, mai kemis na bayan gida ko mai tallar magani a bakin titi sai ya haɗa ta da wata allurar ya yi wa yaro saboda gudawa ko ƙurji, domin mun yarda cewa ciwon da ba a yi wa allura ba ba a yi masa magani ba. Ɓarnar takan bayyana ne bayan kwanaki ko makonni, lokacin da ba wanda zai tuna da allurar. Saboda wannan illa ne, tare da wasu dalilai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamaisin daga jerin magungunan tarin fuka mai bijire wa magani a shekarar 2018. Kinin ma na sa ƙarar kunne da toshewa, kowa ya san wannan, sai dai galibi nata kan wuce idan an gama sha. 'Yan kasuwarmu da ke safarar magunguna tsakanin Onica da Kano da Kamaru su sani cewa wannan kwali ba kamar kwalin sabulu ba ne.

Cututtuka ma na da nasu kaso, kuma a nan 'yan Arewa ba sa buƙatar dogon bayani. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya, ta kashe fiye da dubu 11, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tashi sun tashi ba sa ji. Wani bincike da Farfesa Ambroise Wonkam, ɗan Kamaru masanin cututtukan gado, ya jagoranta, aka buga a 2013, ya duba mutum fiye da 500 da suka kurumce tun suna yara a Kamaru, ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku sanƙarau ne sanadi. An samu sauƙi bayan allurar rigakafin MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, ta iso arewacin Kamaru da Nijeriya a 2011, sannan a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar na cutar. Ƙyanda da hangum da zazzaɓin Lassa duk suna iya tafiya da ji, haka ma shawara mai tsanani ga jariri sabon haihuwa. Matsalar fatake ita ce yawo. An haifi yaro a Duwala, an kai shi yaye Garwa, an tura shi karatu Zariya, katin rigakafi ya ɓace a hanya, ba wanda ya san wadda aka yi da wadda ta rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Katin nan ya cancanci a adana shi yadda ake adana takardar kwastan.

Uwa ita ce likitar farko. Jaririn da ba ya firgita idan an buga ƙofa, ko ya kai wata shida ba ya waiwayar murya, ko ya shekara ba ya gwalan-gwalan, ko ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, a kai shi a gwada jinsa. Kada a tsaya cewa nauyin baki ne, kakansa ma haka ya yi. Ƙwaƙwalwa na koyon harshe ne a shekarun farko, kuma yaron da aka gano da wuri yana da hanyoyi da yawa. Ko da kurma ne ƙurmus, hankalinsa lafiya lau yake. A Kano kurame na da harshensu, maganar hannu, wanda wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta yi wa littafi guda a shekarar 2000, akwai kuma makarantar Tudun Maliki tun 1977. A Yawunde akwai makarantar kurame ta ESEDA tun 1972. Dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi haƙƙin naƙasassu na karatu da aiki. Ɓoye yaro a ɗaki ko tura shi bara zaɓin iyaye ne, ba hukuncin ciwon ba.

Ga mazauna Duwala, sashen da ake nema a asibiti shi ne wanda ake kira ORL, kuma akwai shi a asibitin Laquintinie da Babban Asibitin Duwala. Ana iya farawa daga asibitin gunduma na New Bell, su tura mutum gaba idan abin ya fi ƙarfinsu. Tun da aka ƙaddamar da kashin farko na shirin kiwon lafiya ga kowa a watan Afrilu 2023, an ce ganin likita kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a asibitocin gwamnati, don haka uwa ta tambaya. Masu bi ta Nijeriya kuwa akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Gwajin ji ba ya zafi, abin sauraro ake sa wa mutum yana ɗaga hannu idan ya ji sauti, a zana masa sakamako a takarda. Da wannan takarda ake saita na'urar ƙara ji ta dace da irin sautin da mutum ya rasa. 'Yan na'urorin da ake kwasowa daga Dubai da Cana ana sayarwa kamar tocila, komai suke ƙara wa ƙarfi, har da hon da janareta, shi ya sa mai su kan jefa su a aljihu bayan mako guda ya ce duk ƙarya ce. Akwai kuma kunya. Dattijon da ke sa tabarau a gaban kowa ba ya son a gan shi da abu a kunne, sai ya gwammace ya daina zama majalisa, ya bar wa yara waya, a hankali ciniki ya fita daga hannunsa.

Akwai wani nau'i guda da ya kamata matafiya su sani musamman. Mutum ya kwanta lafiya ya tashi kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ba zafi, ba ruwa, wani lokaci da ƙara ko jiri. Yawancinmu za mu ce dauɗa ce ko sanyi, mu ɗiga mai, mu ce bari a sayar da kaya tukuna. Wani lokaci dauɗar ce. Amma idan daga katantanwa ne, maganin da likitoci ke bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko, bayan mako biyu kuwa damar ta ragu ƙwarai. Wanda abin ya same shi a Kye-Ossi ko Garwa-Bulai ko Amcide, ya damƙa kayan a hannun amintacce, ya hau motar farko zuwa garin da ke da likitan kunne.